Takobin Wasa A Birnin Jos: Ba Ya Yanka, Amma Yana Iya Kai Mai Shi Caji Ofis

Duk wanda ya bi ta Unguwar Rogo, ko Gangare, ko Rikkos a cikin birnin Jos da yamma bayan an tashi daga makaranta, da wuya ya rasa ganin wani ɗan shago da aka rataya wa labule a ƙofa, janareta na ruri a waje, yara kuma sun cika shi maƙil har wasu na leƙe ta kafaɗar wasu. Waɗannan su ne shagunan gem, watau inda yaro ke biyan 'yan kuɗi kaɗan a ba shi abin latsawa ya yi wasa a akwatin talabijin. Galibi ƙwallon ƙafa ake bugawa, amma in an gaji da ƙwallo sai a juya ga wasannin faɗa, a nan ne kuwa yaran ke haɗuwa da wasu irin takubba waɗanda ko kakanninsu da suka ga yaƙi da idonsu ba su taɓa ganin irinsu ba.

Akwai na wani jarumi mai suna Kratos a cikin wasan God of War da ya fito a shekarar 2005, wasu gajerun takubba biyu masu faɗi da aka ɗaure masa a hannu da sarƙa, yana wulwula su suna tartsatsin wuta. Akwai na Link a wasan Zelda na kamfanin Nintendo, mai shuɗin mariƙi da ya baje kamar fikafikan tsuntsu. Amma da wuya a sami wanda ya kai Buster Sword suna, watau takobin wani saurayi da ake kira Cloud a cikin wasan Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar a 1997. Tsawon wannan takobi ya kusa kai tsawon mai shi, faɗinsa kamar na ƙyauren taga, da huji biyu kusa da mariƙin, ga shi kuma saurayin na ɗaga shi da hannu ɗaya yana juya shi bisa kansa kamar mai wasa da sillen kara.

Yaron da ya ga wannan ya koma gida yana son ya riƙe irinsa a hannu bai zo da wani sabon abu ba. Yaran Hausa sun daɗe suna yin motar kara da ta langalanga, suna kuma haɗa kayan tashe da kansu in azumi ya kai kwana goma. A zamanin da gidajen silima irin su Kwararafa da Rex da New Era ke cika a Jos, duk daren da aka nuna fim ɗin Indiya ko na 'yan Cana mai sara da kariya, kashegari sai an ga takubban kara da na faskare a lunguna. Abin da ya bambanta shi ne, na yanzu ba sa son abin da ya yi kama da takobi kawai, wanda suka gani ɗin nan suke so, da tsawonsa da faɗinsa da kowane zane da ke jikinsa. A ƙasashen waje wannan sha'awa ta zama babbar harka har da kasuwarta, a nan gida kuma a shekarar 2012 aka fara wani taro a Legas mai suna Lagos Comic Con inda samari da 'yan mata ke zuwa da shigar jaruman wasanni, kowa da makaminsa na ƙarya.

To, a Jos akwai duk hannayen da wannan aiki ke bukata, da kafinta da mai takalmi da baduku da mai fentin mota, har ma akwai masu bukatar abin in an yi shi da kyau, watau 'yan fim. Sai dai kuma Jos gari ne da bai kamata a yi wasa da kamannin makami a cikinsa ba, saboda haka tambayar farko da ke gaban mai son yin wannan takobi ita ce da me za a yi shi.

LISSAFIN NAUYI

Tunanin farko da ke zuwa wa kowa shi ne a tafi maƙera, tun da dai takobi aikin maƙeri ne. Wanda ya zauna ya yi ɗan lissafi kafin ya tashi zai hutar da kansa da maƙerin. A ce ruwan takobin tsawonsa santimita 150 ne, faɗinsa 25, kaurinsa kuma 2, wanda bai ma kai girman na cikin wasan sosai ba. In da baƙin ƙarfe aka yi shi, nauyinsa zai kai wajen kilo 59 kafin a zaftare bakin, watau ya ɗara buhun siminti, ga shi kuwa ba a kai za a ɗauke shi ba, ta ƙarshe ɗaya za a riƙe shi sauran yana lilo a gaba. In alminiyom ne, irin wanda ake zuba tukwane da shi, zai yi kilo 20. In farin katako ne marar nauyi irin obeche sai ya dawo kilo 3, in kuwa soson takalmi ne zai tsaya tsakanin kilo 1 da 2 gwargwadon taurin soson.

An ma taɓa gwadawa. A shekarar 2013 wani maƙeri a Kalifoniya ta ƙasar Amurka mai suna Tony Swatton, wanda sana'arsa ita ce ƙera wa 'yan fim makamai, ya ƙera Buster Sword a cikin wani shirin bidiyo da ake kira Man at Arms. Da alminiyom ya yi ruwan don ya rage nauyi, amma duk da haka sai da takobin ya haura kilo 30, ƙarti suka riƙa ɗaga shi da ƙyar suna sakin shi a kan abin da za a sara. Mai zane bai damu da wannan ba, domin a cikin kwamfuta ƙarfe ba shi da nauyi.

Takobin gaske ba haka yake ba. Irin wanda mahaya ke ratayawa da hamila ranar hawan salla tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya ba, nauyinsa kuwa kilo ɗaya ne ko da ɗan ɗoriya, domin mutumin da zai yini a kan doki ba ya son abin da zai gajiyar da damtsensa. Hatta takobin sarautar Katsina, wanda labari ya ce da shi Korau ya yanka Sanau, sunansa Gajere. Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba, watau yawancin ruwan takubban da aka yi yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da su ba a nan aka ƙera su ba. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a kowace shekara ta hanyar Sahara, kusan dukkansu daga garin Solingen na ƙasar Jamus. Aikin Kanawa shi ne su sa musu mariƙi, dukawa su ɗinka kube, sa'an nan a sayar wa Buzaye da Nufawa da Barebari. Ashe ke nan tun can asali rabin kyaun takobi a hannun masu ado yake, wannan rabin kuwa shi ne gaba ɗayan aikin mai takobin wasa.

DAGA TAKARDA ZUWA KASUWAR KATAKO

Aikin yana farawa ne da takarda da fensir, kuma a nan ne masu gaggawa ke ɓata shi. Ana neman hoton takobin da aka ɗauka daga gefe sosai, ba wanda ya karkace ba, a raba shi gida-gida da layuka a tsaye da a kwance, sa'an nan a sami kwali babba ko takardar buhun siminti a ja layuka masu yawa ɗaya amma manya, a riƙa kwafe abin da ke cikin kowane gida. Wanda ke da hali yana iya zuwa shagon masu kwamfuta a buga masa hoton a takardu da yawa ya liƙa su. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne jikin wanda zai riƙe takobin. In a cikin wasan takobin ya kai kafaɗar jarumin, to a yi shi ya kai kafaɗar mai shi, ko da kuwa shi gajere ne, domin ido gwadawa yake yi da mutumin da ke riƙe da abin.

Daga nan sai Kasuwar Katako da ke Laranto, inda ake sayar da katako iri-iri da falange da filawud. Mai sayarwa zai fi son ya miƙa wa mutum jan katako mai nauyi, tun da shi ne mai daraja a wurin masu yin ƙofa da gado, amma a wannan aiki farin nan marar nauyi da kafintoci ke rainawa shi ne sarki. Abin lura shi ne a tabbata ya bushe. Katakon da aka yanko daga kurmi da ɗanyensa in ya sha iskar hunturun Jos mako biyu sai ya lanƙwashe kamar baka, ko ya tsage daga tsini, bayan kuwa an riga an gama wahalar fenti.

Akwai wuri guda da kusan kowane takobin wasa ke karyewa, watau mahaɗar ruwa da mariƙi. Dalili kuwa shi ne duk nauyin ruwan a nan yake taruwa in an ɗaga shi a kwance, kamar yadda mai ɗauke da dogon gora ta ƙarshensa ke jin nauyin a wuyan hannu. Wanda ya sassaƙa mariƙi daban ya buga shi da ƙusa, ranar farko zai dawo gida da guntaye biyu. Dabarar ita ce a yi wa takobin ƙashin baya, a sami sanda guda, ko sandar mofa ko bututun roba na masu aikin famfo da aka cusa wa itace a ciki, ta taso tun daga gindin mariƙi ta shige cikin ruwan har ta wuce rabinsa. Sai a yi ruwan da falle uku kamar ana haɗa littafi, na tsakiya a tsage shi a kwantar da sandar a ciki, na gefe biyu su rufe, a shafa farin gam na kafintoci, a danne da bulo ko duwatsu a bar shi ya kwana. Maƙera ma haka suke yi wa wuƙa ta kirki, ƙarfen ruwan ne ke zarcewa har cikin ƙota.

Bayan ya kama sai a fitar da siffa da zarto, a zaftare bakin da magagari ko abin fera katako, a bi da samfefa mai kaushi sa'an nan mai laushi. Zaftarewar nan ta ido ce kawai. Ana karkatar da gefen ne don haske ya faɗa masa kamar kaifi, amma ainihin bakin a bar shi da kauri kamar na fensir, tsinin kuma a daƙushe shi. Daga taku uku ba wanda zai gane, yaron maƙwabta kuwa da zai zo taɓawa zai koma gida da idonsa biyu.

WAJEN MASU TAKALMI

Ga wanda ke son takobin da zai iya wulwulawa a cikin mutane, ko katakon ma ya yi nauyi. Abin da masu wannan sana'a a ƙasashen waje suka fi amfani da shi wani soso ne mai tauri da ake kira EVA, wanda mai jin sunan zai zaci sai an yi odarsa daga Turai, alhali kuwa shi ne falle-fallen nan da masu haɗa takalma ke yanka ƙasan silifa da shi. Duk inda ake sayar da kayan takalmi a Jos ana samunsa, mai kauri da marar kauri. Da wuƙar reza mai kaifi ake yanka shi, kuma yana dakushe wuƙa da sauri ƙwarai, saboda haka sai an riƙa wasa ta, in ba haka ba yankan ya fito da gashi-gashi kamar wanda ɓera ya ci.

Gam ɗin da ke kama shi shi ne na masu takalmin, irin su Evo-Stik. Yadda suke yi haka za a yi, a shafa wa fuska biyun, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sa'an nan a haɗa, kuma in an haɗa an gama, ba gyara. A yi wannan aiki a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, domin gam ɗin yana kama wuta, warinsa kuma ɗan'uwan sholisho ne da ya lalata yara da dama a garuruwan Arewa. Uban da ya ga ɗansa ya shige ɗaki da gwangwanin gam ya rufe ƙofa yana da hakkin ya ƙwanƙwasa ya tambaya.

Wasu kan ɗauki farin soson nan mai ɓarɓashi da ake sako talabijin ko firji a cikinsa, ganin cewa kyauta ne. Yana da sauƙin sassaƙa, amma da gam ɗin takalmi da fentin feshi duk cinye shi suke yi, mutum na kallo aikin kwana uku zai narke ya koma kamar saƙar zuma. In dole sai da shi, to a lulluɓe shi da takardar jarida da farin gam falle da yawa ya bushe tukuna.

Fenti shi ne inda ake gane gwani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi gwangwanin fenti mai ruwan azurfa a feshe takobin gaba ɗaya, sai ya fito yana walƙiya kamar kwanon rufi sabo, kowa ya gan shi ya san na wasa ne. Ƙarfen gaske duhu gare shi, haskensa a gefe-gefe yake da wuraren da hannu ke gogawa. Saboda haka bayan an toshe ƙofofin katakon ko soson da farin gam da aka sirka da ruwa sau biyu ko uku, baƙin fenti ake fara sawa. In ya bushe sai a tsoma burushi a ruwan azurfa, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa shafawa sama-sama. Garin bakin fensir da aka goga da yatsa a kan baƙin fenti yana ba da wani ƙyalli da ya fi kowane fenti kama da ƙarfe. Daga nan a yi masa 'yan tabo da magagari, a shafa ɗan ruwan ƙasa-ƙasa a lungunan mariƙi kamar tsatsa, don ya zama kamar ya je yaƙi ya dawo. Masu gyaran jikin mota sun san duk wannan, suna kuma da filar da ke cike rami ta bar katako sumul kamar gilashi, wanda ya san ɗaya daga cikinsu ya rage wa kansa rabin wahala.

Yanayin garin ma sai an yi shawara da shi. Jos tana bisa tudu ne mai tsawon wajen mita 1,200, damina na da ƙarfi, sanyi kuma ba a magana. Fentin da aka fesa da sassafe cikin raɓa ko a ranar da hadari ya haɗu yakan yi fari-fari ya ƙi sheƙi, na lokacin hunturu kuwa ƙura ce ke manne masa. Da hantsi ya fi, a wurin da iska ba ta bugawa.

Mariƙi kuwa a kai wa dukawa. Ƙauyen Naraguta da ke kusa da Jami'ar Jos ya daɗe da yin suna wajen aikin fata, kuma naɗa jar fata a mariƙi ko ɗinka kube ba baƙon abu ba ne ga baduku. In ana son 'yan ƙusoshin ado ko ƙulun gindin mariƙi su zama na ƙarfe, masu zuba tukwanen alminiyom suna iya dannan samfurin katako a cikin yashi su zuba irinsa.

GARIN 'YAN FIM

Mai karatu da ke Agege ko Sabon Ibadan zai iya cewa duk wannan wahala a kan abin wasan yara? Amsar tana cikin irin garin da Jos take. A nan hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, a nan kuma aka buɗe makarantar koyon aikin fim ta ƙasa a 1995. Kwalejin talabijin ta NTA da ke Rayfield tun 1980 take horar da ma'aikata, a shekarar ne kuma aka fara nuna Cock Crow at Dawn da aka ɗauka a wannan yanki. Fina-finan Hausa ma, in an cire Kano da Kaduna, ba garin da ya kai Jos ba su 'yan wasa da masu ɗaukar hoto. Izu Ojukwu, wanda ya shirya fim ɗin Amina a kan Sarauniyar Zazzau da aka fara nunawa a Netflix a 2021, a Jos ya tashi. Fim irin wannan kuwa yana cin takubba da masu da garkuwoyi masu yawan gaske, kuma kowane ɗaya sai wani ya zauna ya yi shi.

Garin ma ya saba da kwaikwayon abin tarihi. A bayan gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai filin da wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan mai suna Zbigniew Dmochowski ya sa magina suka gina kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa, ko da yake damina ta yi wa wasu sassan illa. Wanda ya tsaya a gindin wannan ganuwa zai gane cewa kwafi ma aiki ne na gwanaye.

A manyan masana'antun fim na duniya ba takobi ɗaya ake yi wa jarumi ba. Lokacin da ake ɗaukar The Lord of the Rings a ƙasar New Zealand, maƙerin kamfanin Weta mai suna Peter Lyon yakan ƙera na ƙarfe don a nuna shi kusa da kyamara, sa'an nan a yi na alminiyom marar kaifi don faɗa, a kuma yi na roba don inda za a faɗo daga doki ko a yi turmutsitsi. Japanawa kuwa tun da daɗewa suke amfani da na gora da aka liƙa wa farar takardar ƙarfe. Dalilin wannan tsari ya fito fili a ƙarshen shekarar 1988, sa'ad da ake ɗaukar wani fim mai suna Zatoichi a Japan, takobin gaske ya shiga hannun ɗan wasa a maimakon na ƙarya, ya sari abokin aikinsa a wuya, bayan 'yan kwanaki mutumin ya mutu. Mai shirya fim da ke aron takubban gaske daga wajen mahaya don ya rage kashe kuɗi, da ran 'yan wasansa yake ciniki. Saurayin da ya iya mai da soson silifa ya zama ƙarfe a idon kyamara, ko shakka babu ya riƙe sana'ar da za a neme shi dominta.

HANYAR KOMAWA GIDA

Saura magana mai nauyi. Mutanen Jos sun ga rikicin 7 ga Satumba 2001, sun ga na ƙarshen Nuwamba 2008, sun kuma ga na Janairu 2010 da kisan Dogo Nahawa da ya biyo baya a watan Maris, inda aka hallaka ɗaruruwan mutane, da yawansu da adduna. Tun daga lokacin garin ya rabu unguwa-unguwa, aka kafa rundunar tsaro ta musamman, shingayen bincike suka zama abin yau da kullum. Bayan wannan kuma ga 'yan sara-suka, samarin da ke yawo da wuƙaƙe da gariyo suna addabar unguwanninsu na kansu. A irin wannan gari, mutumin da ya hango saurayi da magariba ya fito daga lungu da wani abu mai tsawo yana ƙyalli ba zai tsaya tambayar ko na soso ne ba. Ihu zai yi, ko ya ruga, kuma an sha ganin yadda gudun mutum ɗaya ke tayar da kasuwa guda a Jos. Gwargwadon yadda fentin ya yi kyau, gwargwadon yadda haɗarin ke ƙaruwa.

Doka ma ba ta tsaya ga ƙarfe kaɗai ba. Dokar fashi da makami ta 1984, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari kuma har yanzu tana aiki, da ta zo bayanin abin da ake nufi da makami ta lissafa kwari da baka da mashi da adda da wuƙa da kulki, sa'an nan ta ƙara da duk wani guntun itace ko ƙarfe ko gilashi ko dutse da za a iya cutar da mutum da shi. Gaskiya ne dokar a kan ɗan fashi take magana, ba a kan yaro mai wasa ba, amma ɗan sandan da ya tsayar da mutum a shinge da takobin katako mai kilo 3 ba a bakin titi zai zauna tantance wannan ba, a caji ofis za a yi bayanin, bayan an kira uba ya bar kasuwarsa ya zo beli. Wannan shi ya sa a Jos soso ya fi katako, katako kuma ya fi ƙarfe nesa ba kusa ba. Soso dai ana iya miƙa wa jami'i ya lanƙwasa shi da hannunsa, ya yi dariya ya ce a wuce.

Masu shirya tarurrukan shigar jarumai a ƙasashen waje sukan binciki kowane makamin ƙarya a bakin ƙofa su ɗaura masa alama kafin a shiga da shi, yawancinsu kuma ba sa yarda da na ƙarfe sam. A nan babu mai yi wa mutum wannan, shi zai yi wa kansa. In za a fita da takobin, a naɗe shi cikin buhu ko tsohon zane, a fita da rana, a bar shi a gida ranar Juma'a da Lahadi da ranakun salla da Kirsimeti da lokacin zaɓe, in kuma fim za a ɗauka a waje a fara gaya wa mai unguwa da 'yan sandan yankin. Hoton da za a sa a Facebook ma a yi tunani, domin hoton saurayin Jos riƙe da ƙaton takobi yana iya yawo ya isa inda ba wanda ya san na wasa ne, a rubuta masa wani labari daban a ƙasa.

Akwai kuma matsalar da sai an gama aiki ake tunawa da ita. Takobin da ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye ba ya shiga keke napep sai tsininsa ya leƙo waje. Masu dabara tun wajen zanen takarda suke raba shi biyu, su sa bututun roba ƙarami a cikin babba a mahaɗar, yadda za a zare mariƙin a sa a jaka, ruwan kuma a rungume shi a naɗe kamar wanda ya sayo falange daga Laranto.